Bindigar Iska: Abin Da Mai Ƙaramin Ƙarfi Zai Duba Kafin Ya Saya

Da zarar gero ya fitar da kai, ko shinkafa ta fara nuna a fadama, sai hankalin manomi ya koma kan tsuntsaye. Bayan an yi girbi an kai amfani rumbu, sai ɓera da gafiya su karɓi aiki. Wannan ne ya sa wasu manoma da samari a ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum suke sha'awar mallakar bindigar iska, wadda wasu ke kira bindigar harbin tsuntsu.

Yawancin masu wannan sha'awa ba masu kuɗi ba ne. Wani sai ya sayar da akuya. Wani sai ya fitar da buhun dawa daga abincin gida. Saboda haka ya kamata mutum ya san abin da zai saya tun kuɗin yana aljihunsa. Idan kuɗi ya shiga hannun dillali, fitowarsa sai an sha wuya.

Yadda take aiki

Bindigar iska ba ta cin albarushi kamar bindigar toka ta maharba. Iska ce ake matsewa a cikinta. Idan aka ja kunama, sai iskar ta fito da ƙarfi, ta tura ɗan ƙaramin harsashi na dalma ta cikin bututu. Shi ya sa ba ta da ƙara sosai, kuma ba ta hayaƙi.

Rashin ƙara ba ya nufin rashin haɗari. Harsashinta yana fasa ido. Yana shiga jikin mutum. Idan ya sami yaro a kai ko a ƙirji yana iya kashe shi. Harsashin da ya kuskure tsuntsu yana iya tafiyar mita 300 kafin ya faɗi, kuma idan ya bugi dutse ko ƙarfe yakan dawo baya.

Abin da take iyawa, da wanda ba ta iyawa

Tana kashe ɓera, da gafiya, da kurciya, da hasbiya, idan mai harbin ya iya saiti, kuma tazarar ba ta wuce taku 25 zuwa 30 ba. Bayan wannan tazara ƙarfinta yana raguwa. Sai ta raunata dabba kawai, ta tafi ta mutu a wani wuri cikin wahala.

Amma ga wanda jan-baki ya dama a gonar shinkafa ko gero, bindigar iska ba magani ba ce. Jan-baki yana zuwa dubbai a tare. Bindigar kuwa harsashi ɗaya take ɗauka. Kafin mutum ya sake ɗura wani, garken ya tashi ya sauka a ɗaya gefen gonar. Ihun yara, da gwangwani a jikin igiya, da majaujawa, da raga sun fi ta aiki a nan. Idan garken ya yi yawa, abin yi shi ne a gano inda suke kwana, a kai rahoto ga malamin gona ko sashen aikin gona na ƙaramar hukuma. Feshin jan-baki da jirgin sama aikin gwamnati ne.

Haka ma ɓeran rumbu. Ɓera da dare yake fita, kuma yana haihuwa da yawa. Tarko, da kyanwa, da toshe ramuka, da share gindin rumbu sun fi araha, kuma suna aiki ko mai gida yana barci.

Sai babbar magana. Bindigar iska ba makamin kare kai ba ce. Mutanen wannan yanki sun san abin da 'yan bindiga suka yi, har da hare-haren da aka kai ƙauyukan Anka da Bukkuyum a watan Janairu na 2022, inda mutane da yawa suka rasa rayukansu. Ba abin mamaki ba ne mutum ya so ya ajiye wani abu a ɗaki. To amma wannan bindiga ba za ta tare kowa ba. Abin da ya fi muni, daga nesa kamarta ɗaya da bindigar gaske. Ɗan bindiga zai ga mai ita a matsayin abokin gaba. Soja, ko ɗan sanda, ko Askarawan da gwamnatin Zamfara ta ƙaddamar a watan Janairu na 2024, su ma ba za su iya bambance ta daga nesa ba. Wanda ya rataya ta ya nufi daji ya ɗauki haɗarin mai makami, alhali ba shi da makami.

Maganar doka

Mutane da yawa suna zaton tunda ba ta cin albarushi, ba ruwan hukuma da ita. Ba haka ba ne. Dokar Bindigogi ta Nijeriya, wadda aka yi tun 1959, ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko su ne manyan makamai irin na soja. Kashi na biyu su ne waɗanda mutum zai iya riƙewa da lasisi daga Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Kashi na uku su ne irin bindigar toka, waɗanda Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha yake ba da lasisinsu. Bindigar iska tana cikin kashi na biyu. Wato a idon doka, lasisinta ya fi na bindigar toka nisa.

Dokar ta hana a ba wasu mutane lasisi. Daga ciki akwai wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da wanda idonsa ba ya gani sosai, da mashayi, da wanda kotu ta kama da laifin ta da hankali cikin shekara 5 da suka wuce. Lasisin na mutum ɗaya ne. Don haka samarin da ke tunanin yin karo-karo su sayi guda ɗaya suna karɓa-karɓa, su sani doka ba ta san wannan ba. Riƙe bindiga ba lasisi laifi ne da ke jawo ɗaurin shekaru, ban da ƙwace bindigar.

Samun lasisin ma ba kullum yake yiwuwa ba. A watan Yuni na 2022, gwamnatin Zamfara ta lokacin Gwamna Bello Matawalle ta yi kira ga jama'a su nemi lasisin bindiga. Rundunar 'yan sanda ta jihar ta ce ba ta bayarwa, domin akwai umarnin dakatarwa. A watan Agusta na 2023 kuma, Muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya ba da sanarwar cewa an dakatar da ba da lasisin bindiga.

Saboda haka matakin farko ba kasuwa ba ne. Mai son saye ya fara zuwa ofishin 'yan sanda na ƙaramar hukumarsa, ya tambayi halin da ake ciki. Yana da kyau ya sanar da mai unguwa ko dagaci. Idan aka ce masa ba a ba da lasisi, magana ta ƙare, ya riƙe kuɗinsa. Duk wanda ya ce a kawo wani abu zai samo takarda ta bayan fage, to a guje shi. Bayanin da ke biye na wanda ya sami izini ne.

Wace iri ce ta dace da talaka?

Bindigar iska iri huɗu ce.

Ta farko ita ce mai sifirin. A cikinta akwai waya mai ƙarfi a nannaɗe. Ana karya bututun zuwa ƙasa, sai sifirin ya matse. A sa harsashi, a mayar da bututun. Idan aka ja kunama, sifirin ya saki, ya tura fistin, fistin ya tura iska. Ba ta bukatar komai sai harsashi da ƙarfin hannu.

Ta biyu ita ce mai famfo a jiki. Ana buga famfon sau da yawa kafin kowane harbi. Tana gajiyar da hannu, kuma robobinta suna saurin lalacewa.

Ta uku tana amfani da ɗan ƙaramin tulun gas mai gram 12. Idan gas ya ƙare sai an sayi wani tulun, kuma ba a samunsa a ƙauye. Ga shi ba ya son zafi. A watan Afrilu, lokacin da zafin rana ke wuce digiri 40 a Zamfara, barin irin wannan a rana haɗari ne.

Ta huɗu ita ce mai tankin iska. Ita ce ta fi daɗin harbi, ita ce kuma ta fi tsada nesa ba kusa ba. Iskar da ake ɗura mata ta kai kusan ninki 100 na wadda ke cikin tayar ƙaramar mota. Injin mai faci ba zai iya cika ta ba. Sai an sayi famfonta na musamman, wanda shi kaɗai yakan kai kuɗin wata bindigar.

Ga mai ƙaramin ƙarfi da ke zaune a Gummi ko Bukkuyum ko Anka, ta farkon ce kawai abin dubawa. Kayan cikinta kaɗan ne: sifirin, da fistin, da roba biyu. Idan an kula da ita tana harbi dubbai kafin sifirin ya gaji.

Akwai kamfanoni da suka daɗe suna yin ta, kamar Diana da Weihrauch na Jamus, da BSA na Ingila, da Gamo na Sifen, da Hatsan na Turkiyya. Akwai kuma na ƙasar Sin masu araha, wasu da kyau, wasu ba kyau. Suna a jikin ƙarfe ba shaida ba ne, domin ana buga sunan jabu. Tambayar da ta fi suna amfani ita ce: idan sifirin ya karye ko roba ta cinye, ina za a samu wata? Idan mai sayarwa ya kasa ba da amsa, to ranar da ta lalace ta zama sanda.

Kada lambar da ke jikin kwali ta ruɗi mai saye. Kamfanoni sukan rubuta gudun harsashi da manyan lambobi, amma da harsashi mara nauyi suke yin gwajin. Bindiga mai ƙarfi da yawa tana da wuyar karyawa, tana da nauyi, tana girgiza, kuma sabon hannu ba ya samun abin da ya auna da ita. Matsakaiciya ta fi.

Girman harsashi

Girma biyu aka fi sani: milimita 4.5 da milimita 5.5. Ana rubuta lambar a jikin bututun da kuma a kan gwangwanin harsashi. Dole su zo daidai. Na 4.5 nauyinsa kamar rabin gram ne. Ya fi araha, kuma gwangwani ɗaya yakan ɗauki 500. Na 5.5 ya kusa gram ɗaya. Ya fi bugu, ya fi dacewa da gafiya, amma ya fi tsada. Mai saye ya zaɓi wanda zai riƙa samu a wurin dila ba tare da wahala ba.

Kada a ɗura mata ƙusa, ko tsakuwa, ko ƙwallon bayarin keke. Cikin bututun akwai zane siriri mai murɗawa, wanda ke juya harsashi don ya tafi sak. Ƙarfe yana cinye zanen nan, kuma ba a gyara shi.

Idan ta hannu ce

Mai kuɗi kaɗan yakan karkata ga ta hannu. Ba laifi, domin tsohuwa mai kyau ta fi sabuwa mara kyau. Sai dai doka ta ce a sayi bindiga ta hannun dila mai rajista, da takardu. Bindigar da ba a san asalinta ba tana iya zama ta sata. A duba lambar da ke jikin ƙarfen, a tabbatar ita ce aka rubuta a rasit. Idan an kankare lambar, a ajiye ta a tafi.

A yi cinikin da rana, ba da magariba ba. A karya bututun, a ɗaga shi wajen haske, a leƙa ta baya. Ya kamata a ga cikinsa fes, zanen ya fito. Idan akwai tsatsa ko rami, ba ta da amfani.

A rufe bututun, a girgiza shi hagu da dama. Idan yana motsi, harbin ba zai taɓa tafiya wuri ɗaya ba. A duba 'yar robar da ke inda bututun ya haɗu da jiki. Idan ta tsage ko ta lotse, iska za ta riƙa zurarewa. Ana gane wannan da ɗora 'yar takarda mara nauyi a kan mahaɗar lokacin harbi. Idan takardar ta tashi, iska na fita.

A saurari ƙarar da take yi lokacin karyawa. Idan ana jin gurzawa kamar yashi, ko ta karye da sauƙi ƙwarai, mai yiwuwa sifirin ya karye. A duba katakon, musamman wajen da hannu ke riƙewa, ko ya tsage an liƙe. A duba kan sukurori. Idan duk sun cinye, wani wanda bai iya ba ya sha kwance ta.

Daga ƙarshe a gwada. A kafa kwali a jikin tudun ƙasa, inda ba mutum ba dabba a baya. A ja baya taku 15, a ɗora bindigar a kan buhu, a harba sau 5 ana auna wuri ɗaya. Idan ramukan sun taru a fili da bai wuce murfin kwalba ba, tana da kyau, ko da sun kauce daga tsakiya, domin ana gyara saiti. Idan sun warwatse ko'ina, a fasa. Mai sayarwar da ya hana gwaji ya san abin da yake ɓoyewa.

Lissafin kuɗi

Kuɗin bindiga ba shi kaɗai ba ne. Akwai kuɗin lasisi da sabunta shi. Akwai kuɗin mota zuwa Gusau, watakila fiye da sau ɗaya. Akwai harsashi, kuma sabon mai harbi yakan ƙarar da gwangwani guda wajen koyo kafin ya kashe ɓera ɗaya. Akwai akwati da kwaɗo na ajiya. Wanda ya zuba duk abin da yake da shi a kan bindigar kaɗai zai koma gida da ƙarfe mara aiki.

Hanya mai sauƙi ita ce manomi ya mayar da lissafin zuwa buhu. Ya tara duk kuɗin nan, ya ga buhun gero nawa ne a farashin kasuwar garinsu. Sannan ya tambayi kansa: buhu nawa ɓera da tsuntsu suke ci mini a shekara? Idan ɓarnar rabin buhu ce, bindigar kuwa ta ci buhu da yawa, to tarko da gyaran rumbu sun fi riba. Kuma ba abin da za a ci bashi a kansa ba ne, balle a taɓa kuɗin taki.

Madubin hange da ake ɗaurawa a sama yana da ban sha'awa, amma ba dole ba ne. Girgizar bindiga mai sifirin tana lalata madubi mai araha cikin ɗan lokaci. Saitin ƙarfe da ta zo da shi ya isa ga tazarar taku 25.

Kula da ita

Kada a harba ta ba harsashi a ciki. Fistin zai bugi ƙarfe, roba ta fashe. Kada a bar ta a ɗane ta kwana, sifirin zai yi sanyi. Lokacin sa harsashi, hannu ɗaya ya riƙe bututun gam, yatsa kuma ya yi nesa da kunama. Idan bututun ya kuɓuce ya koma da ƙarfi, yana datse yatsa.

Kada a zuba baƙin mai, ko man gyaɗa, ko kananzir a ramin da iska ke fitowa. Iskar da aka matse tana da zafi, sai man ya kama wuta a ciki kamar injin dizal, ya ƙone roba. Abin da take so shi ne a goge bayanta da tsumma mai ɗan mai, musamman da damina saboda tsatsa, a kuma rufe ta da hunturu saboda ƙura.

Ba a nuna wa mutum bakin bindiga ko da wasa, ko da an tabbata ba komai a ciki. Ba a harbi a cikin gari, ko wajen rijiya, ko sama inda ba a san inda harsashi zai sauka ba.

Dalma

Wannan sashe ya shafi mutanen Anka da Bukkuyum fiye da kowa. A shekarar 2010 aka gano cewa yara suna mutuwa a ƙauyuka irin su Dareta, da Abare, da Sunke, da Tungar Daji a Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum. Dalilin shi ne gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu. Likitocin ƙungiyar MSF sun yi wa dubbai magani. Sai da aka kwashe ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, kuma aikin Bagega bai samu ba sai a 2013.

Harsashin bindigar iska da wannan dalmar ake yin sa. Gaskiya ne gwangwani ɗaya bai kai ƙurar dutsen zinariya haɗari ba. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma da za a ce ba ya cutarwa a jikin yaro. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, tana rage fahimta, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa. Yaron da ya riga ya sami dalma a jininsa, ƙari kaɗan ma yana da illa.

Harsashin ƙarami ne, yana ƙyalli, yaro mai rarrafe zai ɗauka ya kai baki. Don haka a kulle gwangwanin a akwati, dabam da bindigar. Wasu maharba sukan riƙe harsashi a baki don saurin ɗurawa. Wannan mummunar al'ada ce. Bayan an taɓa harsashi a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci ko a ɗauki yaro. Kada a narka tsohon batir ko wata dalma a gida don yin harsashi, hayaƙin guba ne ga duk mutanen gidan.

Kada a harbi ɓera a cikin rumbu ko kusa da shanyar hatsi. Harsashin zai ɓace a cikin hatsin, a kai shi inji a niƙa, dalma ta shiga garin tuwo. Kada a yi koyon harbi a tsakar gida, inda yara ke wasa kuma kaji ke tsattsaga. Tsuntsun da aka harba, a nemo harsashin a cire, a yanke naman da ke kewaye da ramin a binne shi. Mace mai ciki da ƙananan yara gara su haƙura da irin wannan nama.

Akwai harsashi da ake yi da kuza maimakon dalma. Ya fi tsada, kuma ba kowane dila yake da shi ba, amma mai ƙananan yara a gida ya tambaya.

Idan yaro ya haɗiye harsashi, kada a jira a ga alama, kada kuma a tsaya ba shi madara ko jiƙo. A kai shi babban asibitin Anka, ko na Gummi, ko na Bukkuyum a ranar. A tafi da gwangwanin a nuna wa likita, a faɗa masa guda nawa ake zaton yaron ya haɗiye, da lokacin da abin ya faru.